Ƙwaryar da Na Kai Gaban Lokotoro

Ku matso kusa, ku da kuke cewa jinya ba sana'a ba ce, zama ne kawai da miƙa wa mai ciwo ruwa. Na ji ku jiya kuna gardamar wadda za ta bi gwaggonku Damagaram, inda za a riƙa ɗura mata maganin ciwon daji a jijiya, wannan da aka ce yana zubar da gashi yana hana cin abinci. Kowace tana cewa ita za ta je, kamar biki aka gayyace ku. To, ku ajiye abin da ke hannunku ku ji. Ni da wannan aiki na ci tuwo tun ina da ƙarfin goya babbar mace, a Tanut, zamanin da Nasara bai daɗe da kafa likita, wato ɗakin magani, a can ba, mota kuwa sai dai labarinta.

Likitar nan ɗaki ne na ƙasa da rumfa a gabansa. Mai tsaronta kullum shi ne majo, wani dogon Bazabarme marar yawan magana. Shi ke wanke miki, shi ke yin allura. Babban mai maganin, wanda muke kira lokotoro, Nasara ne, daga Damagaram yake zuwa bisa raƙumi, ya yi 'yan kwanaki ya duba mutane ya koma. A bayan likitar akwai fili mai aduwa da ƙarangiya, nan aka kakkafa bukkokin zana. Nan nake zaune. Nan ake sauke mutanen daji masu neman allura, kuma 'yan gari ba su biyowa ta nan ko akuyarsu ce ta ɓace.

Ciwon da ya fi kawo su shi ne tunjere, wanda ke farawa da ƙuraje a baki, ya kwanta shekaru, sa'an nan ya tashi ya ci ganda, ya ci karan hanci, ya hana ƙashin ƙafa sakat. Maganinsa gari ne rawaya a cikin 'yar kwalba. Majo ya karya wuyan kwalbar, ya dama da dafaffen ruwa, ya ɗaure maki dantse ya zuba a jijiya. Duk ranar kasuwa ake yi, kuma kowane zuwa ana ƙara yawansa kan na baya. Yana warkarwa, na ga miki kamar bakin ƙoƙo ya rufe ruf. Amma magani ne mai fara dukan mai ciwo kafin ya daki ciwon. Wani tun bai tashi daga tabarma ba zai ji warin tafarnuwa a bakinsa, fuska ta ɗau zafi. Kafin la'asar ga amai, ga rawar ɗari, ga kai kamar ana sussuka a ciki. Wannan dukan, shi ne wurin aikina.

Wadda ta koya mani ita ce Iya Kolo, tsohuwa Babarbariya da mijinta ya yi wa Nasara soja ya mutu a hanya. Na zo hannunta ina bazawara, ba gona ba akuya, kakanku bai ma san da ni ba tukuna. Ranar farko ba ta ce mani sannu ba. Kasko ta miƙo mani, ta ce in cika shi da rairayi mai laushi in kai bukkar wani Buzu da aka yi wa allura da safe. Na riƙe mashi goshi yana amai har hannuna ya sage. Da na ɗauki kaskon zan zubar, sai ta daka mani tsawa.

“Ina za ki da shi?”

“Bayan gari, Iya.”

“Kin duba?”

“Me zan duba a cikin amai?”

“To me kika zo yi nan? Kwasar shara? Duba. Ruwa ne, kore ne, da jini? Gobe majo zai tambaya, ki ce mashi kin rufe ido?”

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kaskon rairayi. Mafici. Ƙaramin ludayi, don wanda aka yi wa allura ba ya shan ruwa da ƙwarya, in ya kwankwaɗa zai dawo da shi, sai kurɓi kaɗan, a dakata, a sake. Tsumma mai tsabta na jiƙawa a ɗora bisa goshi. Tsamiya, don kunu mai ruwa-ruwa da ɗan tsami shi kaɗai ke zama a cikinsu. Gishirin Bilma da bagaruwa a ruwan ɗumi na kurkure baki, don dasashi yana kumbura, in ya sa asawaki sai jini. Man shanu na shafa fata. Da kuma farar ƙwarya, sabuwa, wadda ba a taɓa cin abinci a cikinta ba. Ita ce babba. A cikinta mai ciwo ke fitsarin safe, ki fito da ita hasken rana ki duba launinsa. Ranar allura kuwa ba ya cin komai kafin a yi, ko ya yi ta zaginki. Ki bar shi ya zaga.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce magana da lokotoro.

Na tuna wani tsoho daga Gangara da aka kai gaban Nasaran. Aka ce ya faɗi abin da yake ji. Ya fara da gaisuwa, ya gaida lokotoro da gajiyar hanya, da iyali, da raƙuminsa. Ya koma kan shekarar da ya faɗa rijiya, da matarsa ta fari, da bokan da ya cuce shi. Tafinta yana tsaye yana sosa kunne. Da tsoho ya gama, tafinta ya juya ya faɗa wa Nasara kalma biyu ko uku, iyaka. Aka yi allura aka sallame shi. A hanya Iya Kolo ta ce mashi, “Baba, ka faɗa masu tafin hannunka yana ƙaiƙayi?” Ya ce, “Ai ban iso wurin ba.” Ta ja shi suka koma.

Daga nan na koya. Gaisuwa ɗaya ta isa. Ki fara da abin da ya fi muni, don tafinta farkon magana yake ɗauka ya yar da sauran. Ki faɗa gajere, ki yi shiru har ya juya maganar zuwa harshen Nasara, sa'an nan ki ƙara. Abin da za ki iya nunawa kada ki tsaya faɗa, ki kama hannun ki buɗe, ki ɗaga leɓen. In ba ki gane abin da aka ce a yi ba, kada kunya ta sa ki gyaɗa kai, ki maimaita da bakinki ki ce, “Haka ne?” Kuma kada ki dogara da bakin mai ciwo. Mutumenmu ko yana gargara, in babba ya tambaye shi jiki, godiya ga Allah zai yi. Tarbiyya ce, ba ƙarya ba. Amma lokotoro ba a gidanmu aka rene shi ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan kashe mutane. Mu da maganin gida muka tashi, kuma maganin gida in bai sa ka amai da gudawa ba, cewa ake bai ci kuɗinsa ba. Saboda haka in allura ta kayar da mutum, murna danginsa suke yi, suna cewa ciwon ne ke fita. Wani wahalar kam ta kwana ɗaya ce, da kunu da mafici take wucewa. Amma Iya Kolo ta nuna mani waɗanda ba na wasa ba ne: ƙaiƙayi da jan ƙuraje a fata, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar jiƙon bagaruwa. Ta ce, “Waɗannan ba ciwon ne ke fita ba, ran ne ke neman ƙofa. In kin gani ki faɗa, ko za a tsine maki.” Ta rasu ba da daɗewa ba, bukkokin suka zama nawa ni kaɗai.

Ba na cewa aikin bai ciyar da ni ba. Masu ciwo sukan bar mani damin gero, wani ɗan akuya, wani zane. Sai dai a rijiya mata sukan janye tulunansu in na iso. Ba a kirana suna, ba a kirana biki. In na sayi ƙosai a kasuwa, a ganye ake ajiye mani a ƙasa in ɗauka. Da ni da masu ciwo da kurciyoyin bisa aduwa, mu ne unguwar.

Sai ga shekarar fara. Ta sauka da kaka ta cinye gero yana tsaye, rani ya zo rumbuna ba komai. Anza, 'ya'yan wani itacen daji, muke jiƙawa mu zubar da ɗacin mu dafa, da ita nake dama wa masu allura abin sha. Makiyaya suka yi nisa da dabbobi, nono ya ɓace daga kasuwa. Jikin da bai ƙoshi ba kuwa ba ya ɗaukar wannan magani kamar jikin da ya ƙoshi.

A farkon daminar da ta biyo aka kawo mani Daso. Bafillata ce daga kwarin Tarka, doguwa, ba ta wuce sa'ata ba. Mijinta Buba ya sauke ta daga bisa takarkari a bakin bukkata, ya ajiye mata tabarma da ɗan buhun gero da ban san inda ya samo shi ba. Ciwon ya kama mata gefen hanci da cikin baki. Ya ce, “Inna, ga amana. Ruwa ya sauka arewa, shanu ba su jira. In ciyawa ta bushe za mu gangaro in ɗauke ta.” Ya juya. Ita ba ta bi shi da ido ba, ƙasa take kallo har ƙarar ƙafar takarkarin ta ɓace.

Da ta ji harshena ta gane ni jinin Dagira ce, mu kuwa da Barebari ɗaya muke, tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kakanni. Sai ta ɗago ta ce, “Ashe baiwata aka ajiye mani a nan. To, tashi ki share wa uwargijiyarki ɗaki.”

Na ce, “Ke da ba ki taɓa kwana a ɗaki ba, ina kika san shara? Ki yi hankali da zana, kada ki ɗauka ciyawa ce ki cinye mani.”

Ta yi dariya har ta riƙe hancinta don zafi. Tun rasuwar Iya Kolo ba wanda ya zage ni zagin wasa sai ranar.

Ita ta faɗa mani abin da ya kawo ta. Ba zafin mikin ba ne. Tun da ya fito aka hana ta tatsa. Aka ware mata ƙoƙonta, aka ɗauke ƙorenta na nono aka ba ƙanwar mijinta. Ta ce, “Shanun suna ganina suna kuka, ni ina zaune kamar kututture. Macen da ba ta tatsa, me take yi a ruga?” So take in Buba ya dawo ya tarar da fuskarta a rufe, ta koma ta tsuguna ƙarƙashin saniyarta. Shi ya sa ranar kasuwa ita ke riga kowa zuwa rumfar majo.

Allurar ta karɓe ta da farko. Mikin ya daina ruwa, gefensa ya fara haɗuwa. Takan yi amai da yamma, in riƙe mata goshi, tana gamawa ta ce, “Kin gani, 'yar Dagira? Yana fita.” In ce, “Sha kununki dai.” Takan ce kunun anzata ko jaki ba zai sha ba, kuma ta shanye. In ƙarfinta ya dawo mu zauna gindin aduwa tana yi mani kitso irin nasu, tana cewa kaina kamar tulu.

Da damina ta yi nisa, allurar ta yi yawa, sai na ga tana sosa dantse. Na ce mene ne, ta ce sauro. Kwana kaɗan kuma na ga ta fara zizara kwalli mai kauri, ita da ba ta damu da shi ba. Da safe in na zo ɗaukar farar ƙwarya sai in tarar ta riga ta zubar ta wanke. Rannan na riga ta. Na fito da ƙwaryar hasken rana, abin da ke ciki ja ne wur, har ya rina gefen ƙwaryar. Na koma na ce, “Daso, fito waje.” Na kama haɓarta na juya ta wajen rana na ja fatar idonta ƙasa. Rawaya kamar an diga rini.

Ta ture hannuna. “Shawara ce. Kowa yana yin shawara.”

“Ba ita ba ce. Maganin ne ya fi ƙarfinki.”

“To ai ƙarfin nake nema. Ki dubi hancina. Saura kaɗan.”

“Na gani.”

“In kika faɗa, hana ni za su yi.”

“Hana ki za su yi.”

Can ta ce, “Majo bai taɓa ganin idona ba. Ba na kallon namiji, shi ma hannu kaɗai yake nema. Ke kaɗai kika sani. Ki bar ni in ƙarasa, in na koma zan aiko maki da karsana ki riƙe har ta haihu maki. Ke fa tawa ce.”

Gaskiya ta faɗa game da majo. Mace takan zo lulluɓe, kai a sunkuye, ta miƙa hannu ta kau da fuska. Haka aka koya mana, haka ya kamata, shi ma mutumin kirki ne ba ya leƙen fuskar matan mutane. Ana iya yi wa mace allura damina guda ba a ga ƙwayar idonta ba. Wanda ya san haka sai mai jinya.

Na ce, “Ba na son karsana.”

Ta ce, “To me kike so?”

Na rufe ƙwaryar da faifai na ajiye a inuwa.

Ranar kuwa ranar kasuwa ce, kuma lokotoro da kansa yana gari. Daso ta tafi tun da hantsi ta zauna a gaba, ta ja mayafi har karan hanci. Na biyo baya ɗauke da ƙwaryar safiyar ranar. Majo ya riga ya ɗaure mata dantse, kwalbar tana hannunsa bai karya ba. Na ratsa mutane na durƙusa na ce wa tafinta, “Ka ce mashi idonta ya yi rawaya.” Na yi shiru ya juya. Na ce, “Ka ce mashi jikinta yana ƙaiƙayi.” Ya juya. Na buɗe faifan.

Nasaran ya duba ƙwaryar, ya duƙa gabanta ya yi magana. Tafinta ya ce, “An ce ki ɗago.” Ba ta ɗago ba. Ni na sa hannu na janye mayafin, a gaban maza, a gaban duk mutanen rumfar. Ya duba idon bai daɗe ba, ya kwance ɗaurin dantsen da hannunsa. Ya yi doguwar magana. Na ce wa tafinta, “Faɗa mani duka, kada ka rage.” Ya ce an tsayar da allura. Ta sha ruwa da yawa, ta kwanta, ban da maiƙo, ban da jiƙe-jiƙen daji. In Allah ya tashe ta, ta huta har bayan rani, sa'an nan ta dawo a gwada wani iri, kaɗan-kaɗan, ba a jijiya ba. Ya ce da an zuba mata na yau, ba ya jin za ta ga wata kasuwar. Na maimaita duka na ce, “Haka ne?” Aka ce haka ne.

Daso ta tashi ta gyara mayafinta ta wuce ni.

Abin da ya shiga jikinta bai fita nan da nan ba. Fatarta ta yi ja, ta kumbura, ta fara saɓulewa kamar bawon albasa, har tafin hannu da na ƙafa. Na cire tabarma na shimfiɗa mata tsofaffin zannuwana don kada kaba ta yanke ta. Ina shafa mata man shanu da gashin kaza, don yatsa ma zafi yake mata. Ina ɗura mata ruwa da ludayi. Ina korar ƙuda tun safe har rana ta faɗi. Duk abin da na ba ta tana karɓa. In na shigo ta ce, “Sannu da aiki, Inna.” In na fita ta ce, “Na gode, Allah ya saka.” Gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙuwa. Rannan na gwada, na ce, “Bafillata ta ga banza, an samu mai yi mata bauta.” Ta ce, “Allah ya ba ki lada,” ta juya fuska wajen zana. Ban sake gwadawa ba.

Ciyawa ta bushe, Buba ya gangaro. Ya tarar ta rame, fata sabuwa fara-fara, ido ya washe, amma gefen hancin da sauran ɗan miki bai rufe ba. Ya dube ta ya dube ni ya ce, “Inna, ta warke?”

Na ce, “Tana da rai. Sauran sai bayan rani, ka dawo da ita.”

Ya ce, “Ba za su bar ta ta tatsa da wannan ba.”

Na ce, “Na sani.”

Ya ɗora ta bisa takarkari. Ta yi mani sallama yadda ya kamata, ba ta rage komai ba. Na share bukkar, na ƙone tsummokin, kafin azahar an kawo wani.

Ban zaci za ta dawo ba, yawancinsu ba su dawowa. Amma da bazara ta yi, wata ranar kasuwa ina rumfar majo riƙe da hannun wata tsohuwa, sai na hango doguwar mace ta shigo ita kaɗai, da ƙurar hanya a ƙafafunta. Ba a bukkata ta sauka ba, daga baya na ji gidan wata mai sai da fura ta samu. Da layi ya zo kanta ta durƙusa gaban majo. Ya miƙa hannu zai kama dantsenta, sai ta ce, “Dakata, Malam.” Ta yaye mayafinta da kanta. Ta ɗaga fuska ta dube shi ido cikin ido, ta sa yatsa ta ja fatar idonta ƙasa. Ta ce, “Duba nan tukuna. Fari ne. Fitsarina ma fari ne, na duba da safe. Ba ƙaiƙayi. Bara ta jijiya ta kusa kashe ni, lokotoro ya ce wani iri za a yi, kaɗan-kaɗan.”

Majo ya ce, “Wa ke jinyarki?”

Ta ce, “Ni.”

Tsohuwar da nake riƙe da ita ta fara yunƙurin amai. Na jawo kaskon rairayi da ƙafa, na dafe mata goshi.